Yadda Ake Shirya Ziyarar Maun, Ƙofar Shiga Dausayin Okavango

Garin Maun yana arewa maso yammacin ƙasar Botsuwana, a gaɓar kogin Thamalakane, kuma kusan duk wanda ya nufi dausayin Okavango ta nan yake bi, ko da jirgin sama ya zo ko da mota. An kafa shi a shekarar 1915 a matsayin hedikwatar sarautar ƙabilar Batawana, yanzu kuwa mazaunansa sun haura 80,000. Da yawa daga cikin baƙi ba sa ganin komai a garin in ban da filin jirginsa, domin suna sauka daga babban jirgi su haye ƙarami cikin sa'a guda. Mai kuɗi da yawa zai iya yin haka ya ci riba, amma wanda yake tafiya da lissafi, ko yake so ya fahimci inda ya je, gara ya ware wa Maun kwana biyu kafin ya shiga daji, saboda a nan ake samun amsar tambayar da dukan tafiyar ta rataya a kanta: ina ruwa ya kai a wannan makon?

Wannan tambaya tana da nauyi ne saboda ruwan Okavango ba ya bin daminar Botsuwana. Asalinsa ruwan sama ne da yake zuba a tsaunukan Angola, ya gangaro ta kogin da ake kira Cubango a can, ya ratsa wani siririn yanki na Namibiya, sannan ya shigo Botsuwana ta Mohembo. Daga nan ƙasar ta zama shimfiɗaɗɗiya ƙwarai, gangarenta bai wuce kimanin mita 60 ba a tsawon kilomita 250, don haka ruwan yakan bazu cikin rairayin Kalahari yana tafiyar hawainiya a tsakanin ciyayi. Ambaliyar da takan kai ƙololuwa a Mohembo wajen watan Afrilu ba ta isowa Maun sai wajen Yuni ko Yuli, wato a tsakiyar rani, lokacin da aka yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ruwan ba ya kai wa teku. Fiye da kashi 95 cikin 100 nasa rana da tsirrai ne suke shanye shi, ɗan abin da ya rage shi ne yake taruwa a Thamalakane ya wuce kogin Boteti da tafkin Ngami. Faɗin dausayin yakan tashi daga kimanin murabba'in kilomita 6,000 zuwa 15,000 idan ambaliya ta cika. Wannan baƙon tsari yana daga cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin wuraren gadon duniya a 2014, inda ya zama na 1,000 a jerin.

Saboda haka zaɓen wata shi ne matakin farko, kafin tikiti da masauki. Daga Yuni zuwa Agusta ruwa yana cike, sararin sama garau, ciyawa ta kwanta, dabbobi kuma suna taruwa a bakin ruwa inda ake ganinsu ba wahala. Sai dai lokacin hunturu ne a kudancin Afirka, kuma sanyin asuba a cikin buɗaɗɗiyar mota yakan kusa daskarar da yatsu, abin da baƙi da dama ba sa zato. Lokacin ne kuma farashi yake kai maƙura, wuraren kwana na cikin daji suna cika tun watanni da dama kafin lokacin. Satumba da Oktoba sun fi kowane lokaci yawan dabbobi a bakin ruwa, amma zafin Oktoba yakan kai digiri 40, ruwan da ke kusa da Maun kuma ya fara ja da baya. Daga Nuwamba zuwa Maris damina ce: daji ya yi kore shar, dabbobi suna haihuwa, tsuntsaye masu ƙaura sun iso, farashi ya sauka, amma wasu hanyoyin mota sukan zama taɓo, sauro ya yi yawa, kuma mashigan kwalekwale na kusa da gari suna iya bushewa duk da ruwan saman da ake yi. A ganina, wanda zai je karo na farko kuma burinsa ya shiga kwalekwale, Yuli ko Agusta ya fi dacewa da shi. Ko da hakan, shekara ba ta zama daidai da 'yar'uwarta: a 2019 ambaliya ta gaza har Thamalakane ya ƙafe a cikin gari, sai a shekarar da ta biyo baya ruwan ya dawo. Kafin ka biya kuɗin komai, rubuta wa masaukin da kake so ka tambaye su matsayin ruwa a bana, kada ka dogara da hotunan da ke shafinsu.

Batun takardu ba shi da tsawo, amma sakaci da shi yana iya mayar da mutum gida daga filin jirgi. A tabbatar fasfo yana da sauran aƙalla wata shida da shafukan da ba a buga wa hatimi ba. 'Yan wasu ƙasashe suna shiga ba biza, wasu kuma dole su nema tun daga gida, don haka a bincika da ofishin jakadancin Botsuwana da wuri. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara zai nuna katin rigakafi. Mai tafiya da yaron da bai kai shekara 18 ba ya riƙe cikakkiyar takardar haihuwarsa, idan kuma ɗaya daga cikin iyayen ba ya cikin tafiyar, a zo da takardar amincewarsa. Mai bi ta Afirka ta Kudu ya duba ko yana bukatar izinin ratsawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce jirgi daga Johannesburg, tafiyar kimanin sa'a ɗaya da rabi, akwai kuma jirage daga Cape Town da Gaborone da Kasane. Kamfanonin Airlink da Air Botswana suna daga cikin masu zirga-zirgar. Mai zuwa da mota daga gabas zai bi babbar hanyar A3 daga Francistown ta Nata da Gweta, kusan kilomita 500, daga yamma kuwa ta Ghanzi ake shigowa. Ana tuƙi ta hannun hagu. Shawara ɗaya da ba ta da sassauci ita ce kada a yi tuƙin dare, domin shanu da jakuna da giwaye suna tsayawa a kan kwalta, jaki kuma ba ya motsawa don ya ga fitila. A kan waɗannan hanyoyi za a tarar da shingayen jami'an lafiyar dabbobi, waɗanda aka kafa don hana cutar baki da kofato yaɗuwa daga yankin ɓauna zuwa yankin shanun da ƙasar take sayar da namansu a ƙetare. Jami'i zai buɗe akwatin sanyi ya duba ɗanyen nama, ya sa kowa ya sauko ya taka jiƙaƙƙen buhu mai magani, har takalman da ke cikin jaka akan ce a fito da su a dangwala, sannan mota ta ratsa ta cikin kwarin ruwan magani. Ɗanyen naman da aka saya a Maun ba a yarda a fita da shi zuwa kudu ko gabas ba, don haka a sayi iya abin da za a ci a yankin.

Garin kansa a miƙe yake tare da kogi, ba shi da tsakiya guda ɗaya. Kusa da filin jirgi akwai ofisoshin kamfanonin yawon daji da na ƙananan jirage da wuraren cin abinci, manyan kantuna da bankuna da gidajen mai suna cikin gari, masaukai masu sauƙin kuɗi da wuraren kafa tanti kuma sun fi yawa a arewa maso gabas, wajen Matlapaneng, inda tsohuwar gada take. Kuɗin ƙasar Pula ne, thebe 100 ke yin Pula ɗaya. Ana karɓar katin banki a kantuna da masaukai, amma a ciri tsabar kuɗi a Maun domin tukwicin jagorori da sayayya a ƙauyuka, tunda da zarar an shiga daji babu na'urar cirar kuɗi. A nan kuma za a sayi layin waya, da ruwan sha, da magunguna, da duk abin da aka manta. Ofishin hukumar kula da namun daji da gandaye yana cikin garin, can ake biyan kuɗin shiga gandu ga masu tuƙa kansu. Idan an gama waɗannan, gidan tarihi na Nhabe ya cancanci sa'a guda, haka ma yawo cikin jirgin ruwa a Thamalakane da yamma idan akwai ruwa.

Daga Maun hanyoyin shiga dausayin uku ne, kuma bambancin kuɗinsu yana da girma ƙwarai.

Ta farko ita ce tashi da ƙaramin jirgi zuwa ɗaya daga cikin sansanonin da ke can cikin dausayi. Botsuwana ta daɗe da zaɓar manufar karɓar baƙi kaɗan masu biyan kuɗi da yawa domin kada daji ya lalace, shi ya sa sansanonin ƙanana ne, kuma a lokacin cikar kasuwa kwana ɗaya na mutum ɗaya a yawancinsu yakan haura dalar Amurka 1,000, da abinci da yawo a ciki. Kafin ka zaɓi sansani ka tambaya ko na ruwa ne, ko na tudu, ko mai haɗa biyun, domin wanda ya sauka a sansanin da ruwa ya kewaye zai sha kwalekwale da kallon tsuntsaye amma da wuya ya ga zaki, wanda kuma ya je na tudu zai ga manyan dabbobi daga mota amma wataƙila ba zai taɓa ruwa ba. Ƙananan jiragen suna iyakance kaya zuwa kimanin kilo 20 har da jakar hannu, kuma sai jaka mai laushi wadda za ta lanƙwasu a cusa ta ƙarƙashin jirgi. Akwati mai tauri a Maun za a bar shi. Wanda ba zai iya kuɗin sansani ba yana iya haɗa kuɗi da wasu su ɗauki jirgin kallo na kimanin sa'a ɗaya. Daga sama ne kaɗai ake ganin siffar wurin, da hanyoyin da dorina ta buɗe cikin ciyayi, da garken giwaye yana ratsa ruwa, kuma safiya ta fi dacewa saboda iskar rana tana girgiza ƙaramin jirgi.

Ta biyu, wadda nake ganin ita ce zuciyar ziyarar, ita ce tafiya a kwalekwalen da mutanen wurin suke kira mokoro. Al'ummar Bayei ce ta shahara da shi tun da can. A da ana sassaƙa shi daga gungumen manyan itatuwa irin su kanya, amma yanzu yawanci na roba mai tauri ake amfani da shi domin a daina sare itatuwan da suka yi shekaru aru-aru suna girma. Tafiye-tafiyen da ke tashi daga Maun suna bi ta hannun ƙungiyar al'umma mai suna Okavango Kopano Mokoro Community Trust, wadda take tsara matuƙa daga ƙauyukan gefen dausayi, kamar mashigar Boro. Masauki zai kai ka mashigar da mota ko jirgin ruwa, a can a haɗa ka da matuƙi. Fasinja biyu ne suke zama a ƙasan kwalekwalen, jingine da kayansu, matuƙi yana tsaye a baya da doguwar sanda yana tokarar ƙasan ruwa. Bakin kwalekwalen bai fi tafin hannu sama da ruwa ba, saboda haka ba a juyawa da sauri, ba a miƙewa, ba a leƙawa gefe ɗaya gaba ɗaya. Ruwan garau yake har ana ganin farin yashi a ƙasa, furannin bado suna gogar gefen jirgi, wanda ke zaune a gaba kuma shi ne yake karɓar yanar gizo-gizo da ƙananan ƙwari a fuska duk lokacin da aka kutsa cikin ciyawa. Idan matuƙi ya tsaya ya nuna wani kara, duba da kyau, sau da yawa ɗan ƙaramin kwaɗo ne mai zane-zane wanda bai fi kan yatsa ba, manne da karan.

Ana iya yin tafiyar yini ɗaya, amma kwana ɗaya ko biyu a tsibiri ya fi, domin da sassafe da yamma ake fita yawon ƙafa tare da jagora, lokacin da dabbobi suke motsi. A irin wannan zango babu shinge, babu famfo, babu bayan gida sai ramin da aka haƙa, kuma duk sharar da aka tara da ita ake komawa gari. Ka fayyace tun a Maun ko kuɗin da ka biya ya haɗa da tanti da abinci da mai dafawa, ko kai za ka zo da su, ka kuma tambaya ko abincin matuƙi yana wuyanka. Mai abincin da ba ya ci, saboda addini ko lafiya, ya faɗa tun ranar kama wuri. Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne bin maganar matuƙi ba gardama. Dorina ce dabbar da aka fi tsoro a ruwan nan, tana kare yankinta da zafin rai, kuma idan matuƙi ya kauce wa wani buɗaɗɗen tafki mai kyau ya bi ta cikin ciyawa, ya san abin da ya gani. Ba a wanka sai inda ya nuna, saboda kada. A yawon ƙafa ana tafiya a layi ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa, kuma ko me aka gamu da shi ba a gudu sai jagora ya ce a yi. Waɗannan matuƙa a bakin ruwan suka tashi, wannan aiki shi ne abincin iyalansu, don haka tukwici mai kauri a hannun mutumin da ya yini yana tokara sanda saboda kai haƙƙi ne da bai kamata a yi ƙwauronsa ba.

Ta uku ita ce shiga gandun Moremi da mota. Wannan gandu, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 5,000 a gabashin dausayin, Batawana ne da kansu suka keɓe shi a 1963 ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Pulane Moremi, matar marigayi Sarki Moremi na Uku, bayan sun ga farauta tana ƙarar da namun dajinsu. Ƙofarsa ta kudu tana kimanin kilomita 100 daga Maun. Kwalta tana ƙarewa a wajen ƙauyen Shorobe, daga nan sai tsakuwa da yashi. Mota mai ja da tayoyi huɗu kuma mai tsayi daga ƙasa ce kawai take iya wurin. Babu gidan mai a cikin gandu, kuma wanda zai zarce ta yankin Savuti na gandun Chobe zuwa Kasane ya ɗauki man da zai kai shi har can, yana sane da cewa yashi mai zurfi yana shan mai fiye da kwalta. A rage iskar taya idan an shiga yashi, a riƙe famfon mayar da ita, da shebur, da igiyar ja, da tayar safaya biyu, da ruwan sha na kwanaki fiye da waɗanda aka yi niyya. Wuraren kwana irin su Xakanaxa da Khwai da Third Bridge sai an kama tun da wuri, kuma ana neman shaidar hakan a ƙofa. Ba a wuce gudun kilomita 40 a sa'a, ba a sauka daga hanya, ba a tuƙi bayan rufe ƙofa. Kada a tsunduma mota cikin ruwan da ya yanke hanya sai an ga wata ta haye ko an tambayi ma'aikatan gandu. Da dare a zuge tanti ruf, a kulle abinci cikin mota saboda kura da gwaggon biri, kada kuma a ajiye lemu ko wasu 'ya'yan itatuwa masu ƙamshi a inda ake kwana, domin giwa tana jin ƙamshinsu daga nesa. Wanda bai taɓa tuƙi a yashi ba, ya fi masa alheri ya bi ayarin da jagora yake tuƙawa, ana kafa tanti ana tashi daga zango zuwa zango. Kuɗinsa yana tsakanin na mokoro da na sansanin alfarma. A Moremi ake da kyakkyawan zaton ganin zaki da damisa da ɓauna da raƙumin dawa, da kuma kyarkeci, wanda ya yi ƙaranci a yawancin nahiyar.

Game da lafiya, arewacin Botsuwana yankin zazzaɓin cizon sauro ne, musamman daga damina zuwa 'yan watannin bayanta, don haka a ga likita kafin tafiya a kan maganin kariya, a riƙe man korar sauro da riga mai dogon hannu. A yi inshorar da ta ƙunshi ɗauko mara lafiya da jirgi daga daji, domin daga yawancin sansanoni babu wata hanyar gaggawa. Tufafi su kasance masu launin ƙasa ko toka, da rigar sanyi mai kauri ga mai zuwa tsakanin Mayu da Agusta, da hula mai faɗi, da tocilan, da madubin hangen nesa, wanda ya fi kyamara amfani a wurin da aka ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 400. Kayan lantarki a sa su cikin jakar da ruwa ba ya ratsawa kafin a hau mokoro.

Maun gari ne na mutane masu harkokinsu, ba dandalin baƙi kawai ba. Ban da Batawana akwai Bayei da Hambukushu da San, da kuma Herero waɗanda kakanninsu suka tsero daga yaƙin Jamusawa a Namibiya ta yau a 1904, ana gane matansu da dogayen riguna masu faɗi da ɗaurin kai mai siffar ƙahon saniya. Setswana da Ingilishi ake yi, kuma gaisuwa tana gaban kowace bukata: a ce wa mace "Dumela mma", namiji "Dumela rra", kafin a tambayi hanya ko farashi. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Kwandunan yankin, waɗanda mata suke saƙawa da kabar wata bishiya 'yar'uwar goriba suna rina ta da saiwa da ɓawon itace, suna cikin mafi kyau a Afirka, babba ɗaya yana iya cin makonni ana saƙarsa, saboda haka mai saye ya tuna da wannan kafin ya matsa ciniki. A gwada seswaa, naman da ake dafawa har ya yi laushi sannan a daka, da karfasar kogi.

Idan aka iso aka tarar ruwa bai kai mashigan kusa da gari ba, tafiyar ba ta lalace ba. Ana iya neman mashiga mai nisa da mota, ko a nufi arewa wajen Shakawe inda kogin ba ya ƙafewa, daga can kuma a ziyarci duwatsun Tsodilo masu zanen dutse sama da 4,500. A gabas akwai gandun Nxai Pan, inda kukokin da mai zane Thomas Baines ya zana a 1862 suke tsaye har yau, da fakon gishiri na Makgadikgadi, inda dubban jakunan dawa suke taruwa, da damina a filayen fakon, da rani kuma a bakin kogin Boteti. Kowace hanya aka bi, a shirya dawowa Maun kwana ɗaya kafin ranar jirgin komawa gida, domin mota takan kafe a yashi, ƙaramin jirgi kuma yakan jinkirta saboda hadari ko saboda dabbobin da suka tsaya a filin sauka.